Kafin Cuta Ta Shigo Aji: Jagora Ga Makarantun Zangon Kumasi

Wata Talata cikin damina, malamar aji huɗu ta leƙo ofis da rajista a hannu, ta ce, "Malam, yau mutum biyar ba su zo ba, jiya uku ne." Na ce wataƙila ruwan daren jiya ne, don duk wanda ya san Aboabo ya san yadda kwata ke cika ta shafe hanya. Ta ce a'a, huɗu daga cikinsu layi ɗaya suke zaune, kuma ƙanwar ɗayansu da ke aji biyu ta gaya mata yayanta ya kwana yana zarya zuwa bayan gida. Kafin azahar mun kira jami'in lafiya, kafin la'asar an gano wata rijiya da ruwan kwata ya malala cikinta. Malamar nan ba ta karanta likitanci ba. Kiran suna take yi da gaske, kuma in yaro bai amsa ba sai ta tambayi dalili.

Wannan jagora na rubuta shi ne don hedimasta, da malamin da aka ɗora wa kula da lafiyar ɗalibai, da masu makarantun kuɗi, da kuma malamanmu na makarantar allo da Islamiyya. Na haɗa su wuri ɗaya da gangan. Yaron Zango makaranta biyu yake yi. Litinin zuwa Juma'a yana cikin yunifom, da yamma ko Asabar da Lahadi yana kan tabarma da allo, gwiwa da gwiwa da yaran wasu makarantu biyar ko shida. Da dare kuma ya koma gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, bayi ɗaya ko ma na haya a bakin titi. Duk shirin da ya tsaya a ƙofar makarantar boko ya bar rabin rayuwar yaron a waje.

Zaman farko, tun ana zaune lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makon farko na zangon karatu, hedimasta ya tara mutane kaɗan, kada su wuce shida ko bakwai: shi kansa, malamin SHEP, wato shirin kula da lafiya a makarantu da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Ghana, wakilin kwamitin gudanar da makaranta, uwa ɗaya daga cikin iyaye wadda mata ke jin maganarta, ɗaya daga cikin masu dafa abinci, da malamin makarantar allon da yawancin yaranku ke zuwa. In makarantar kwana ce, a ƙara da mai kula da ɗakunan kwana da nas. Babban taro ba ya haifar da komai sai jawabi.

Abu uku za a fita da su daga zaman. Na farko, takarda ɗaya mai lambobin waya, a manna ta a bangon ofis, kowane malami kuma ya adana ta a wayarsa: jami'in yaƙi da cututtuka na ofishin lafiya na gundumarku, nas ɗin unguwa da ke zuwa awon jarirai, jami'in SHEP na gunduma, SISO, wato jami'in ofishin ilimi da ke duba makarantarku, asibiti mafi kusa, da 112 ko 193 na motar asibiti. Mu da ke Aboabo, Asawase da Sawaba, ofishinmu na Asokore Mampong ne. Kada ka wadatu da rubuta lamba. Je ofishin da ƙafarka, ku gaisa, ya san fuskarka. Jami'in da ya taɓa shan ruwa a ofishinka yana ɗaga waya da wuri.

Na biyu, a raba aiki da suna. Wa zai kira ofishin lafiya? Wa zai zauna da yaro marar lafiya? Wa zai tsaya bakin ƙofa ya yi magana da iyaye? In hedimasta ya tafi taro a Adum, wa ke da ikon yanke hukunci? Na uku, a ware kuɗi kaɗan da ba a taɓawa, na sabulu da kuɗin mota. Na taɓa ganin an ɓata kusan awa guda ana neman wanda zai biya mai Pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yaro yana kwance a benci.

A wannan makon kuma a sabunta lambobin iyaye. A karɓi biyu ga kowane yaro, domin uban na iya zama direba yana kan hanyar Bawku, uwar kuma tana cikin hayaniyar kasuwar Kejetia ba ta jin waya. A tambayi ko katin inshorar lafiyarsa na aiki; ana sabunta shi ta *929# a waya. Ga ƙananan aji, a nemi ganin katin awo, a duba ko yaron ya sami allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 18. Wanda bai samu ba, a haɗa uwarsa da nas cikin mutunci, ba a gaban sauran mata ba.

Rajista

Yawancin malamai suna ɗaukar rajista aikin da ake yi don mai duba makaranta ya gani. Alhali ita ce idon makaranta. A ƙara layi ɗaya a gefe na dalilin rashin zuwa, da kalma ɗaya tak: zazzaɓi, gudawa, tari, ƙuraje, ido, tafiya, ban sani ba. Ƙarfe tara na safe kowane malami ya aika wa malamin SHEP adadinsa. Minti biyar ne aikin. Bayan wata guda za ka san yawan yaran da ke fashi a ranar da ba komai, kuma sai ka san wannan ne za ka gane ranar da lissafi ya canza.

Ma'aunin da nake bi shi ne: yara uku a aji ɗaya, ko layi ɗaya, ko ɗakin kwana ɗaya, da alama iri ɗaya cikin kwana biyu zuwa uku, to a kira. Amma akwai cututtukan da ba a jiran na biyu. Yaro ɗaya da ake zargin kwalara, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko wanda jini ke fita masa ta hanci ko baki tare da zazzaɓi mai zafi, ya isa a ɗaga waya a ranar. A Yulin 2022 an tabbatar da cutar Marburg a nan yankin Ashanti, don haka kada a ce irin waɗannan na wasu ƙasashe ne.

Malamin makarantar allo shi ma ya riƙe ɗan littafi. Ko bai rubuta boko ba, ya rubuta da ajami. Sau da yawa shi ke fara sani, don shi ake kira ya yi wa yaro tofi tun kafin a tuna da asibiti.

Ruwa, buta, bayi da bakin masu talla

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin ha'inci. Bokitin Veronica, mai famfo a ƙasa da roba a gindi, wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi, kuma lokacin korona babu makarantar da ba ta jera su ba. Je ka duba yau. Wani an zuba alli a ciki, wani famfonsa ya karye tun bara, wani yana nan tsaf amma babu ɗigon ruwa. A sa ɗaya a bakin bayi, ɗaya a inda ake cin abinci, ɗaya a ƙofar shiga. A ɗora wa aji ɗaya nauyin cika su kowane mako, malami yana dubawa. Sabulun ruwa a cikin gorar da aka huda murfinta ya fi daɗewa, sabulun sanda kafin tashi ya shige aljihun wani. Wanke hannu da sabulu ya kai daƙiƙa 20, bayan fita bayi da kafin cin abinci. In makaranta ba ta da famfo, a san tun yanzu galan nawa na Kufuor, wato manyan jarkokin ɗibar ruwa, ake buƙata a rana, da wanda zai ɗebo, da inda za a samu ranar da aka ɗauke ruwa.

Maganar buta sai an yi ta a hankali, amma dole a yi ta. Muna alfahari da cewa yaranmu suna tsarki da ruwa, suna alwala sau biyar, kuma abin alfahari ne. Sai dai butar da ta shiga bayi ita ce ke fitowa a yi alwala da ita, yaro ya kurkure baki, wani ma ya kafa kai ya sha. Ruwa kaɗai ba ya raba hannu da ƙwayar kwalara ko taifot. A ware butocin bayi da kala ɗaya, na alwala da wata kala, kada su haɗu. Bayan tsarki a wanke hannu da sabulu, sannan a yi alwala. Da na kawo wannan magana a gaban wani dattijon malami, na zaci zai ji haushi. Sai ya ce, "Ɗana, ai wannan ba sabon abu ba ne, tsarki rabin imani ne. Kawo sabulun." Washegari shi da kansa ya tsaya bakin randa da bulala a hannu, wadda ban roƙa ba.

Kofi ɗaya a kan randar ruwan sha, wanda yara ɗari ke tsomawa, a kawar da shi. Randa ko bokiti mai famfo, kowane yaro da gorarsa. Haka ma cin abinci a kwano ɗaya lokacin da cuta ke yawo: a dakatar har ta wuce.

Sai masu abinci. Hajiyar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin ƙofa, da mai koko da ƙosai, da mai dafa abincin gwamnati, kowaccensu ya kamata ta riƙe takardar gwajin lafiya daga ma'aikatan tsafta na majalisar gari, waɗanda iyayenmu ke kira Tankas. A nemi ganin takardar a duba kwanan wata. A lura ko abinci a rufe yake, ko da zafinsa, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗibar taliya da ganye. Kada a kore su da wulaƙanci, da wannan tallar suke biyan kuɗin makarantar nasu 'ya'yan. A zaunar da su a yi musu bayani, a sa musu bokitin wanke hannu kusa. Amma wadda ke gudawa ba za ta taɓa abincin yara ba, ko ita ce matar mai makaranta.

Wanda yake ganin an cika tsanani ya tuna 2014, lokacin da kwalara ta kama mutum kusan 29,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a Accra da kewaye. Ta sake ɓullowa a ƙarshen 2024. Motocin Accra kuwa kullum suna sauke fasinja a garin nan.

Ɗaki ɗaya da akwati ɗaya

A ware wuri tun yanzu inda yaro marar lafiya zai jira. Ba sai ɗaki na musamman ba. Baranda mai iska, nesa da inda yara ke wasa, da benci ko katifa mai rufin leda, ya fi ɗakin ajiya marar taga. A cikin akwati a sa ma'aunin zafin jiki da batirinsa, safar hannu, takunkumin fuska, fakitin ORS na haɗa ruwan gishiri da sukari, piya wata, sabulu, bilic, bokiti biyu masu murfi, ledoji, da littafi da biro. Makullin kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya.

Haɗin bilic yana da ƙa'ida, kuma ido ba ya aunawa. Duba jikin kwalba. In an rubuta kashi 5 cikin ɗari, to na goge ƙasa da benci da ƙofar bayi, awo ɗaya na bilic ne cikin awo 24 na ruwa. Na zubawa kan amai ko kashi, awo 2 na bilic cikin awo 3 na ruwa, a bar shi ya jima kafin a kwashe. In ƙarfin da ke jikin kwalbar ya bambanta, nas ta lissafa muku, a rubuta a manna a jikin bokiti. A haɗa sabo kowace rana, kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi, kuma yara ba sa wannan aiki. Al'adar tura ɗalibi ya kwashe aman ɗan'uwansa da tsintsiya da yashi ta tsaya daga yau.

Ranar da abin ya zo

Yaro ya yi amai a aji, ko jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna 38 ko fiye. Malami ɗaya ya fita da shi zuwa wurin jira, ba tare da ihu ba, ba tare da rakiyar abokai ba. In tari ko mura ce, a sa masa takunkumi, malamin ma ya sa. In gudawa ce, a fara ba shi ORS nan take, kurɓi kaɗan kaɗan, ko yana amai. Fakiti a zuba shi cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu fakiti, leda biyu na piya wata lita ɗaya ke nan, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin kada ya wuce haka.

A kira iyaye. Amma akwai alamun da ba a jiran isowarsu: gudawa fara kamar ruwan shinkafa tana zuba ba ƙaƙƙautawa, ido ya faɗa; wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, yaro ba ya son haske ko yana magagi; numfashi da ƙyar; farfaɗiya; ko jini. A nan asibiti kai tsaye, iyaye su same ku a can. Kwalara na iya ƙarar da ruwan jikin yaro cikin awoyi, sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. Tsakanin Asawase da asibitin Manhyia ko Komfo Anokye ba nisa, cunkoson mota ne matsala, don haka a san hanya ta biyu.

Kada malami ya zama likita. Ba a raba maganin kashe ƙwayoyin cuta daga aljihu, ba a ba yaro asfirin in ana zargin mura mai tsanani ko ƙarambau. Kuma a gaya wa iyaye gaskiya game da dabarar nan ta ba yaro farasitamol da asuba a turo shi makaranta don uwa ta samu zuwa kasuwa. Na san dalilin, ranar da ba a fita ba ba a ci ba. Amma ƙarfe goma sha ɗaya zafin zai dawo, a lokacin ya riga ya zauna da mutum arba'in.

Daga nan sai littafi. A rubuta sunan yaro, shekarunsa, ajinsa, unguwa da gidan da yake, ranar da ciwon ya fara, alamomi, abin da ya ci da inda ya saya, makarantar allon da yake zuwa, da inda aka kai shi. Kowane sabon yaro layinsa. Wannan jeri shi ne abu na farko da jami'in lafiya zai nema, kuma da shi zai gane ko rijiya ce, ko tukunya ce, ko ɗakin kwana. Sai a kira ofishin lafiya da ofishin ilimi a rana ɗaya. Su za su ɗauki samfur su aika ɗakin gwaji, wani lokaci har cibiyar bincike ta KCCR da ke jami'ar KNUST a nan Kumasi ko cibiyar Noguchi a Legon. Sakamako na iya ɗaukar kwanaki. Ba a jiransa kafin a fara tsafta, a buɗe tagogi, a dakatar da taron safe da wasannin da ke haɗa azuzuwa.

Masu makarantun kuɗi, da ku nake musamman. Na san tsoron: in labari ya fita, iyaye za su kwashe yara su kai makarantar da ke kallonku. To labarin zai fita ko kun so ko ba ku so ba, Zango ba ta da rufi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kwana nawa a gida

Mai gudawa ko amai ya zauna har kwana biyu bayan sun tsaya. Mai mura da zazzaɓi, sai ya yi kwana ɗaya cur babu zafi ba tare da magani ba. Ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu, shi ya sa kafin a gane ta ta riga ta zaga aji. Ƙarambau, sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Kwalara da sanƙarau, asibiti ne zai ce ya koma. Afolo kuwa, ciwon idon nan da aka fara ganewa a nan Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo ya sauka a wata, ba ta kallo ake ɗaukarsa ba kamar yadda yara ke cewa. Hannu ne, da hankici, da tawul, da tozalin da ake karɓa-karɓa. Kada a ɗiga wa ido fitsari ko ruwan sukari ko nono.

Ga sharaɗin da ake mantawa: yaron da aka ce ya zauna gida, to har da makarantar allo. Sau nawa muka sallami yaro da safe, da la'asar muka gan shi da allo a hammata, uwarsa ta ce ai karatun Alƙur'ani ba a fashi. Saboda wannan ne aka sa malam a cikin kwamiti tun farko. Shi in ya ce, "Koma gida, Allah ya ba ka lafiya, haddarka na jiranka," babu mai musu.

Magana da iyaye

Mutum ɗaya ke magana da sunan makaranta. Sauran malamai, in an tare su a masallaci ko a tasha, su ce a tuntuɓi hedimasta. Saƙon ya fita a ranar farko, kafin na 'yan ƙirƙira ya riga shi. Takardar Turanci a jakar yaro ba ta isa ba, rabinsu da ita za a naɗe gyaɗa. A yi saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp da Hausa, a maimaita da Twi, in akwai mai Dagbanci ko Mosanci ya ƙara. A faɗi abu huɗu: abin da ya faru, abin da makaranta ta yi, alamun da za a duba a gida, da lambar da za a kira. Kada a ambaci sunan yaro ko gidansu ko ƙabilarsu. Lokacin hunturu, in aka ji sanƙarau a Arewacin Ghana, nan da nan ake fara nuna yaran da suka dawo hutu daga Wa ko Bolga da yatsa. A tare wannan tun daga bakin malamai.

Gobe a sake aika wani saƙon, ko babu sabon labari. Shiru shi ke haifar da jita-jita. A roƙi limamin unguwa ya faɗa bayan sallar Magariba, in abin ya yi girma a kai wa Sarkin Zango da masu unguwanni. A lokacin korona mun ga amfanin wannan: da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan dakatar da jam'i, gardama ta ragu sosai a masallatai.

A rufe ko kada a rufe

Wannan hukunci ba na hedimasta shi kaɗai ba ne, ba kuma na iyayen da suka cika bakin ƙofa ba ne. Daraktan ilimi na gunduma ke yanke shi bisa shawarar ofishin lafiya. Sau da yawa ba a buƙatar rufe makaranta gaba ɗaya: a gyara tushen ruwa, a dakatar da mai abinci ɗaya, ko a sallami aji ɗaya na 'yan kwanaki.

A makarantar kwana abin ya fi wuya. Mutanen garin nan ba su manta da ƙarshen 2017 ba, lokacin da ɗalibai huɗu suka rasu cikin 'yan kwanaki a Kumasi Academy, nan Asokore Mampong, maƙwabtanmu. Kafin sakamakon gwaji ya fito, maganar asiri da aljanu ta cika gari, iyaye suka yi dafifi suna neman 'ya'yansu. Da gwaji ya fito aka ga murar H1N1 ce, daga baya aka yi wa ɗalibai da ma'aikata allurar rigakafi. Ba na zargin uban da ya je ɗaukar ɗansa, ni ma da na je. Amma yaron da ke ɗauke da cuta bai sani ba, in ya hau mota zuwa Techiman ko Tamale, ya kai ta inda babu wanda ke jiranta, ga kaka mai hawan jini a ɗaki ɗaya da shi. In dole ne yaro ya tafi, ya tafi bayan ma'aikacin lafiya ya duba shi, an rubuta inda za shi da lambar wanda zai karɓe shi, an ba shi takardar da zai nuna a asibitin can.

Da iyayenmu, hujjar da ta fi shiga ita ce wadda suka riga suka sani. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim cewa in annoba ta sauka a wata ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kuma kada ya fita don gudunta. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Amma bari malam ya faɗa da bakinsa. Daga bakin hedimasta sai a ce yana kare kujerarsa.

In an rufe, da ranar dawowa

Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Ghana baki ɗaya, kwana huɗu bayan tabbatar da mutum biyu na farko masu korona. 'Yan ajin jarrabawa sun koma a watan Yuni, amma yaran firamare sai Janairun 2021. An buɗe tashar Ghana Learning TV, an yi darussa a rediyo, sai dai a gidan da talabijin ɗaya ce ta mutum goma sha biyar, yaro ba ya da iko da rimot. Abin da ya yi mana aiki shi ne takardun aikin gida da aka buga, uwa ko yaya ta zo ta karɓa ranar Litinin ta dawo da su Litinin mai zuwa, da malamin da ke kiran gida biyar a rana. Saboda haka tun yanzu kowane malami ya ajiye aikin mako biyu a fayil, na lissafi da karatu, wanda yaro zai iya yi ba tare da waya ba. 'Yan ajin BECE, masu jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a fara da su.

Kafin a buɗe, a wanke bayi da tankin ruwa, a goge benci, a cika bokitai, jami'in lafiya ya zo ya gani. Makon farko a ci gaba da ƙirga marasa lafiya kullum, domin cuta kan yi kamar ta tafi ta dawo. Yaron da ya warke, malami ya karɓe shi a gaban aji kamar kowa, duk wanda ya laƙaba masa sunan cuta a tsawata masa a ranar. Kwamiti ya sake zama, a faɗi abin da ya lalace ba kunya: lambar da ba ta shiga ba, makullin da ya ɓata, bilic ɗin da ya ƙare.

Sai a koma kan rajista, a fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba. Bayan korona, a ajinmu na ƙarshe, wani mun same shi a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai, hannu duk baƙin mai, wata tana tallar piya wata a tashar Aboabo, wata an riga an sa ranarta. Mun bi su gida gida, ni da malamar aji huɗu da malamin allo, mukan je bayan Isha'i lokacin da iyaye maza ke gida. Na Suame ya dawo bayan mun daidaita da maigidansa cewa zai riƙa zuwa gareji ranar Asabar. Mai piya wata ma ta dawo. Ta ukun mun je sau uku, a na ƙarshe mahaifinta ya ba mu goro ya rako mu har bakin ƙofa.